Sawun Yara a Gidan Igwa

Da safiyar wata Talata aka tarar an fasa daɓen Gidan Igwa an ɗauke wani yanki, kafin azahar kuma duk tsibirinmu ya gama yanke hukunci cewa ɗana Zahir ne. Mutanenmu ba sa ɓata lokaci a irin wannan aiki. Kifi kaɗai suke yi wa haƙuri.

Ni ban ma ji da wuri ba. Ba ni da sammako, kowa ya sani, sai da rana ta ɗaga na fito da tsintsiya na share rabin titin da ke gabana. Na yi mamakin ganin rabin maƙwabciyata Kadda da ganye a zube, domin tun da muke fuskantar juna ban taɓa riga ta shara ba. Na buga ƙyaurenta na ce, "Yau kuma sarauniya barci ake yi?" Ta amsa daga ciki cewa bayanta ne ya riƙe. Na share mata nata ina mita, na koma kan kwakwar da nake kankarewa. Ina cikin haka aka zo aka ce mini Katibu, mai riƙe da tsibirin, ya sa an kulle Zahir a ɗakin ajiya na ofis.

Gidan Igwa Turawan Ingila ne suka gina shi lokacin yaƙi, a tsinin tsibirin da ke kallon mashigar jirage. Iyayenmu suka yi dakon dutse da yashi a ka. Igwar kanta an kwance ta tun ina budurwa, ba ta taɓa harbin komai ba sai ruwa. Abin da ya rage shi ne faffaɗan daɓen siminti da ƙusoshinsa masu tsatsa, da ɗakin harsashi a ƙarƙashin ƙasa wanda ƙaguwa ta gaje, da ɗakin mai gadi mai siririyar taga. Amma ba don waɗannan muke zuwa ba. Ranar da aka zuba simintin, kazar kukun sojoji ta kuɓuce, mu yara muka bi ta da gudu ta tsakiyar daɓen tun yana ɗanye. Wani saje mai jan wuya ya daka mana tsawa, da ya dubi ɓarnar kuma sai ya fashe da dariya, ya ce a bar shi haka. Sawunmu ya bushe a wajen, har da na kazar, duk sun nufi teku. Ranar salla mutane kan kai jikoki su gwada ƙafa a sawun kakanninsu. Da yawa daga cikin masu sawun suna maƙabarta yanzu.

*

Na tarar da Katibu Adnan Didi a kujerar igiya ƙarƙashin bishiyar ofis, ya haɗe rai. A gabana ya girma, na sha share masa majina, amma ranar da ƙyar ya amsa gaisuwata. Datta yake ce mini, wato yaya, yadda ake girmama babbar mace a wajenmu.

"Sanfa Datta, ba ni na ja masa ba," ya ce. "Sawun silifas ɗinsa na nan a wajen, kowa ya gani. Kuma kin san yadda muka yi da shi wancan karon."

Na sani. Shekarun baya Zahir ya kwance wani zoben tagulla daga ƙofar ɗakin harsashi ya sayar wa wasu Turawa masu yawo a jirgi. Aka yafe masa, da sharaɗin idan ya sake taɓa wajen za a kai shi gaban alƙali. Hukuncin irin wannan kuwa ba ɓoyayye ba ne, kora ce zuwa wani tsibiri can arewa, shekara ɗaya ko biyu, inda ko maganarmu ba sa ji sosai. Ga matarsa Nasima da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Ga ni, wadda kifin da nake ci daga ƙugiyarsa yake fitowa.

"Adnan, yaron nan wawa ne, na yarda. Amma ba mugu ba ne."

"Sawun babana ne aka ɗauke, Datta," ya ce. "Shi kaɗai ya rage mini da zan taɓa. Jirgi zai tashi jibi da hantsi. Idan kin kawo mini wani kafin nan, zan saki naki."

*

Ba ni da wajen zuwa sai wajen Dawud Takkan. Sau biyu na aure shi, sau biyu muna rabuwa, na farko a kan gishirin romon kifi, na biyu ma na manta dalili. A tsibirinmu wannan ba abin zance ba ne, har yau ina aika masa gwaza idan na dafa. Zahir ba ɗansa ba ne, na mijin da ya shiga tsakani ne. Abin da ya fi ba ni haushi da Dawud shi ne idan ina magana ba ya kallon fuskata, ƙafata yake kallo. Wannan halin ne ya zame masa sana'a. Titunanmu farin yashi ne, mata na share su kowace safiya, don haka duk wanda ya wuce sai ya bar labari. An saci kwakwa, yaro ya ɓace, an haƙe ƙwan kunkurun ruwa, Dawud ake kira. Shi da kansa yakan ce a daɓen Gidan Igwa ya koyi karatun, yana yaro yana haɗa kowane sawu da mai shi.

Yana gyaran ƙugiya a ƙofar gida na iso. Bai ɗago ba.

"Ka ji?" na ce.

"Tun daga kwana na ji. Jan ƙafar hagu kike yi idan ranki ya ɓace."

"To tashi. Ba hira na zo ba."

"Idan ƙasa ta ce shi ne fa?"

"Sai ka faɗa mini ni kaɗai, in gama da shi da hannuna kafin jirgi."

Ya yi murmushi, ya ɗaura zanensa da kyau, ya ɗauki sandarsa muka tafi.

*

Na daɗe ban je Gidan Igwa ba, shi ya sa abin da na gani ya tsorata ni. Da muna yara akwai bishiyoyin kwakwa tsakanin daɓen da ruwa, har mukan yi lilo a wajen. Yanzu babu ko kututture. Teku ta kwashe yashin ƙarƙashin daɓen, bakinsa na reto a iska, tsaga ta ratsa shi ta ko'ina.

Dawud ya tsaya a kan wani ɗan sawu mai karkatacciyar babbar yatsa. "Ga naki," ya ce. "Ga nawa a bayanki. Tun ranar nake bin ki ina shan wahala."

"Kaza kake bi, mayunwaci."

Na sa ƙafata a gefen sawun. Bai kai rabinta ba. Sai na ji ƙanshin biskit ɗin gwangwani da sojojin Indiya na rundunar Turawan kan jefo mana, na ga mahaifiyata da kwando a ka tana zagina don na ɓata wa Turawa aiki. Kewa ta kama ni har na manta abin da ya kawo ni, sai da Dawud ya buga sanda.

Ramin yana can kusa da bakin ruwa, faɗinsa kamar babban faranti. Jama'a sun tattake gabansa tun safe. Dawud ya tsugunna ya shafa gefen da yatsa.

"Ba sara aka yi ba," ya ce. "Teku ta riga ta tsaga shi, ɓamɓarewa aka yi da wani ƙarfe mai tsini. Dubi nan kuma. Yatsun baban Katibu ga su ba a taɓa ba, diddigen kawai ya bi dutsen. Wanda yake son ƙafar mutum ba ya barin yatsu."

"To ƙafar wa yake so?"

"Akwai wani sawu a gefen."

"Na wa?"

Ya yi kamar bai ji ba. Dawud ba ya faɗin abu sai ƙasa ta faɗa masa sau biyu, da muna aure wannan ya sha sa ni jifa da ludayi. Na matsa wa ƙwaƙwalwata in tuna wanda ya yi gudu ta wannan gefen, na kasa. Sawun da ake kawo wa jikoki su kowa ke riƙewa.

Muka bi sawun silifas ɗin Zahir. Ya gangara ɗakin harsashi, ya fito, ya tsaya a bakin ramin, daga nan taku ya faɗaɗa, gudu ne sosai har titi.

"Nauyinsa ɗaya da zuwa da komawa," in ji Dawud. "Bai ɗauki komai ba. Amma Katibu zai ce ya dawo ta cikin ruwa ya ɗauka. Wannan ba zai fitar da shi ba."

*

Ta taga muka yi magana da Zahir. Ya yi zuru-zuru, ƙaton mutum da gemu amma kamar zai yi kuka.

"Mamma, wallahi ban taɓa ba."

"Me ya kai ka, don ubanka?"

Ya sunkuyar da kai. Iskar makon jiya ta tono yashi, ya je duba ko kwanson harsashi ya fito, don Turawa masu yawo a jirgi suna so. Yana fitowa ya ga ramin.

"Na san ni za a ce, shi ne na gudu."

"Ka kyauta. Ka bar musu sawu kamar na saniya."

"Yaya Nasima?" ya ce. Nan na kasa ci gaba da zagin.

Daga nan muka nufi gidan Gasim Fulu magini, don an ce an ga sawun baronsa a hanyar Gidan Igwa. Yana ganin sandar Dawud ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Dawud Bebe, ni da wajen nan rabona tun azumi." Bebe a wajenmu yaya ne, haka ake girmama namiji babba.

"Baronka bai sani ba ke nan. Tayarsa mai faci ce, ta je jiya da yamma ta dawo da nauyi."

Gasim ya share zufa. Ya ja mu bayan gida ya nuna mana sabuwar katangar banɗakinsa, rabinta duwatsun rusasshen barikin soja ne. "Waɗannan dai a zube suke, babu mai su. Amma daɓen yara? Haba Bebe, sawun gyatumata na wajen. Don Allah kada Katibu ya ji."

Dawud ya juya duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya duba bakin cizal ɗinsa, ya girgiza kai. Raina ya so a ce Gasim ne, don ban taɓa ƙaunarsa ba, amma ba shi ba ne.

Na ƙarshe shi ne Yahya mai hawan kwakwa, wanda bishiyoyinsa ke kusa da tsinin tsibirin. Shi ke fara ganin duniya kowace safiya, yana sama yana sauke ruwan furen kwakwa da yake dafawa ya yi kauri kamar zuma. Muka same shi yana juya tukunya.

"Ban ga kowa ba," ya ce. "Zahir dai ya zo da rana ta fito. Kafin shi babu kowa."

"Ko kare babu a tsibirin nan, balle in ce shi ne," in ji Dawud. "Ka tuna da kyau. Ba abin da ya motsa?"

"Babu. Sai wata mai shara."

"Wace ce?"

"Yo wa ke kallon mai shara, Bebe? Mace dai a duƙe, gari bai gama wayewa ba."

Da muka fito Dawud ya dube ni, a fuska wannan karon. "Sanfa, gidan wa ke Gidan Igwa da za a share masa ƙofa?"

*

Washegari da safe ya ja ni ta bayan ɗakin mai gadi, inda wata 'yar hanya ke ratsa ƙarƙashin bishiyoyi ta sauka bakin ruwa. Ba mai bin ta, shi ya sa jama'a ba su tattake ta ba. Tun jiya ashe ya gan ta ya rufe ta da ganyen kwakwa. Ya ɗaga ganyen a hankali.

Hanyar a share take tas, tun daga bakin daɓen har inda ruwa ke tsayawa.

"An ɗora dutsen a kan gindin reshen kwakwa an ja shi, yadda yara ke jan juna," ya ce. "Sannan aka dawo aka share sawu da baya da baya. Namiji idan zai ɓad da sawu, reshe yake ja ya yamutsa yashin ya gudu. Dubi wannan. Har tsakuwar simintin an tara waje ɗaya, an tura ganye gindin bishiya. Mai wannan aikin tana tsoro, tana sauri, amma hannunta ya ƙi yin sharar banza. Bahaguwa ce, wannan na gani. Sauran karatun naku ne mata, kun fi ni saninsa."

Na duƙa. Kowace mace a tsibirinmu da irin zanen da tsintsiyarta ke bari, wata kamar ƙayar kifi, wata kamar tsani. Wannan jeri ne masu lanƙwasa, a ƙarshen kowane jeri kuma an murɗa hannu an bar 'yar alama kamar wutsiyar kifi. Kowace safiyar duniya wannan wutsiyar ke haɗuwa da sharata a tsakiyar titi.

Sai sawun da na kasa tunawa ya dawo mini da mai shi. Harun, ɗan siririn yaro mai dogon wuya, shi ya fi kowa kusa da kama kazar. Ya girma ya auri Kadda, aure ɗaya tal, abin da ake yi musu tsiya a kai. Da Turawa suka kwashe daga sansaninsu na tsibirin Gan aiki ya ƙare, ya bi jirgin kaya kamar sauran mazanmu. Wata rana aka aiko cewa ya faɗa ruwa a wata teku mai nisa, ba a ga gawa ba. Ba su haihu ba. Kadda ba ta sake aure ba, kuma ba ta da kabarin da za ta share.

"Kin san hannun?" Dawud ya tambaya.

"Ban sani ba."

Ya dubi ƙafata. "To," ya ce kawai.

Ranar ban iya cin komai ba. Na zauna a ƙofata ina kallon rufaffen ƙyauren Kadda, wani lokaci in ji kamar in ɓalle shi in shaƙe ta, wani lokaci in tuna ita ta riƙe ni ranar da na haifi Zahir. Idan na yi shiru ɗana zai tafi, matarsa ta haihu babu shi. Idan na yi magana, mace mai shekara sittin da ciwon baya za a kai arewa ta mutu a hannun baƙi. Da la'asar Nasima ta zo tana dafe da ƙugu ta tambaye ni ko an samu wani abu. Da ta tafi na ɗauki mayafina na je wajen Dawud.

"Na san hannun," na ce. "Amma ba da bakina ba."

"Ba sai da bakinki ba," ya ce. "Ni ma tun jiya na san ƙafar da aka ɗauke."

*

Ranar Alhamis da sassafe, jirgi na ɗumama inji a gaɓa, Dawud ya roƙi Katibu ya tara mutane a Gidan Igwa, maza da mata, kada a bar kowa. Aka kawo Zahir. Gasim ya raɓe a baya yana ta addu'a. Yahya ya zo da wuƙarsa a ƙugu yana ƙorafin an hana shi aiki. Kadda ce ta zo a ƙarshe, ta rame a kwana biyu, ta tsaya nesa da ni.

Dawud bai yi dogon jawabi ba. Ya nuna sawun Zahir, ya nuna yatsun baban Katibu da aka bari, ya ce Gasim ba ya ciki, bai ambaci katangar banɗaki ba. Sannan ya kai Katibu bayan ɗakin mai gadi ya ɗaga ganyen. Mata suka matso suna leƙe. Na ga wasu sun dubi juna, don ba ni kaɗai ke da ido ba.

"Katibu," in ji Dawud, "ni dai ƙasa ta ce mini mace ce, bahaguwa, kuma ba ɓarauniya ba ce, don ɓarawo ba ya tara shara. Suna kuwa ban karanta ba. Ga tsintsiya, ga yashi. Kowace ta share mana taku biyu mu gani."

Ya ajiye tsintsiyar a tsakiyar fili. Ba wadda ta motsa. Ana jin ruwa na bugun ƙarƙashin daɓen.

Kadda ta tako ta ɗauke ta da hannun hagu, ta dube ta, ta miƙa wa Dawud.

"Ba sai an wahalar da mata ba, Dawud Bebe. Ku saki yaron mutane. Ni ce."

"Kadda Datta?" in ji Katibu. "Ke da wane ƙarfin?"

"Wadda ta yi shekara arba'in tana dukan ɓawon kwakwa tana tufka igiya? Da ƙarfen ɓare kwakwata na ɗaga shi. Bai ma yi gardama ba, ya riga ya saki." Ta nuna tsagar da ta bi ta bakin ramin. "Duk Juma'a nake zuwa nan, ba wanda ya taɓa lura. Bayan iskar makon jiya na zo na tarar tsagar ta kewaye ƙafar Harun, ina taɓawa yana motsi. Ruwan nan ya ɗauke mini shi sau ɗaya ina zaune a gida ban sani ba. Ba zan tsaya ina kallo ya sake ɗaukarsa ba. Diddigen babanka kuwa, Adnan, ka yafe mini, tare suka taso, ban san yadda zan raba su ba."

Ni fa tausayi bai hana ni magana ba. "Kwana biyu ɗana na kulle, Kadda. Kina jin kukan Nasima ta katanga."

"Ina ji." Ba ta kalle ni ba. "Na ɗauka za su bincika su ga babu komai a wajensa su sake shi. Da na ji zancen jirgi, na yi ta tashi in zo. Duk sanda na kai bakin ƙofa sai in ga sawunsa, in koma in zauna. Ba ni da hujja, Sanfa. Tsoro ne da son kai."

"Ina dutsen?" Katibu ya tambaya.

*

Duk tsibirin ya bi ta har gida. Ta buɗe ƙyauren da ya kwana biyu a rufe. Tsakar gidan a share, ga lilon Harun a rataye inda yake tun da.

Dutsen na bakin ƙofar ɗakinta. Ta haƙa yashi ta binne shi daidai da ƙasa, ta wanke shi, ta zagaye shi da farar tsakuwa. Ɗan sawun yaro ne, siriri, yatsu a baje saboda gudu. A Gidan Igwa teku yake kallo, kamar na kowa. Nan kuwa ta juya shi, yatsun na kallon cikin ɗaki.

Yahya ya cire hularsa ya rasa abin da zai yi da ita.

Katibu ya tsugunna. A gefen dutsen ga rabin diddigen babansa. Ya ɗora tafin hannunsa a kai ya daɗe, sannan ya miƙe ya share ido da bayan hannu.

"Dawud Bebe, ka ce teku ce ta fara tsaga shi?"

"Ita ce. Kowa na iya zuwa ya gani."

"To abin da zan faɗa wa na sama ke nan, kuma ba ƙarya na yi ba. Teku ta fasa, Kadda Datta ta tsinta. A gaya wa mai jirgi ya tafi, ba shi da fasinja." Ya juya wajen Kadda. "Amma zan riƙa zuwa gaida babana, kada ki rufe mini ƙofa."

Zahir ya ruga gida da gudun da ya fi na ranar Talata. Bayan kwana kaɗan Nasima ta haifi mace, yana tsaye a tsakar gida, shi ya yi mata kiran salla a kunne.

*

Ni ban huce da wuri ba, ba halina ba ne. Na yi wata guda ba na yi wa Kadda magana. Nakan share nawa in tsaya, ta share nata ta tsaya, muka bar wani siririn layi na ganye a tsakiyar titi, duk mai wucewa ya san abin da ake ciki. Dawud ya wuce wata safiya ya dubi layin ya ce ko makaho zai karanta wannan, na ce ya bi hanyarsa. Ranar sunan jikata ma ba ta shigo ba, sai ta aiko da igiyar lilon jariri da ta tufka da hannunta. Washegari na yi sammako, karo na farko a rayuwata, na share layin, na zarce har ƙofarta. Ta fito ta dubi aikin ta ce sharata dai har yanzu kamar kaza ta yi tono. Muka zauna muka sha shayi.

Katibu ya yi ta neman a zo a yi wa daɓen katanga, aka yi ta ce masa ana tafe. Da damina ta dawo da iskar yamma mai ƙarfi, ruwa ya yi kwanaki yana dukan tsinin tsibirin. Da ya lafa muka je ni da Dawud. Ɗakin mai gadi na nan ya karkace, yana nan har yau. Daɓen kuwa ya karye ya zube, sai ƙusoshi masu tsatsa da ke leƙowa idan ruwa ya janye. Nawa sawun ya tafi, da na Dawud a bayansa, da na gyatumar Gasim, da yatsun baban Katibu, har da na kazar. Dawud ya daɗe yana kallon ruwan, sandarsa a hannu, babu abin karantawa. Na yi kuka sosai, shi kuma bai yi mini tsiya ba.

Yanzu ranar salla gidan Kadda ake kai yara. Sukan yi layi a tsakar gida, kowa ya cire takalmi ya gwada ƙafarsa a sawun mutumin da bai bar ɗa ko jika ba, ita kuma tana zaune a lilo tana raba musu alewar kwakwa tana faɗa kada su ɓata mata shara. Cikin mu duka da muka bi kazar nan da gudu muka nufi teku, Harun da aka ce ba zai dawo ba, shi kaɗai ya iso gida.